Ranar da Kwamfutata Ta Waye

Jama'a, shekaranjiya na buɗe shago, na kunna kwamfuta, sai ta ce mini in dakata, tana sabunta kanta. Ban aike ta ba, ban roƙe ta ba. Awa biyu tana juya wani ɗan zobe, ni kuma ina zaune kamar mai layin fetur. Da ta gama, sai ta yi mini barka da zuwa, a shagona.

Sana'ata zanen allon talla da ƙyallayen biki. Manhajar da nake zane da ita ta shekara goma sha huɗu a hannuna, na san lungunta fiye da aljihun rigata. Na danna ta, shiru. Na ɗauko faifanta na sake sakawa, kwamfuta ta ce wai ba ta san wannan tsohuwa ba. Sau shida ina gwadawa, sau shida tana kunyata ni.

Ga kuma aiki a wuyana. Wani babban ofishi zai yi biki washegari, Mai Girma Sarkin Alkawari zai ƙaddamar da sababbin kwamfutocin ma'aikata. Wannan ne karo na huɗu da ake ƙaddamar da su, kuma ni ke yin ƙyallen tun na farko. Aikin ba wuya: in buɗe tsohon zane, in sauya shekara, in ɗan ƙara wa hoton Mai Girma kumatu. To, zanen nan ba ya buɗuwa sai da tsohuwar manhaja.

Ƙanin maiɗakina masinja ne a ofishin, shi ya tsaya mini na samu aikin. Da ta ji labari sai ta ajiye tsintsiya.

"Maigida, in aka kori yaron nan saboda kai, nan gidan zai tare. Shi da matarsa da 'ya'ya biyar."

Ɗakuna biyu gare mu. Gaskiya na tsorata.

Na ruga wurin maƙwabcina mai gyaran kwamfuta. Ya leƙa, ya taɓe baki.

"Malam, ci gaba ne ya same ka. Sai dai ka nemi injin da bai taɓa jin labarin sabuntawa ba."

"A ina zan same shi?"

"A garin nan? Ko 'yan gwangwani sun daina saye."

Na zaga shago tara, kowa tasa ta waye. Da la'asar na tafi ofishin, faifai da tsohon zanen a aljihu, in faɗi gaskiya a yi mini abin da za a yi. Surukin nawa ya tare ni a baranda, ya ji bayani, sai ya ja hannuna zuwa ɗakin sakatare.

"Yaya, gwada wannan."

A kan teburin wata kwamfuta ce mai ƙeya, fara ce a da, an tallafe ta da tubali. Sakatare ya ce sai an buge ta a gefe take tashi. Aka buge ta. Na saka faifai, ko tari ba ta yi ba, manhaja ta zauna daram. Cikin minti goma na sauya shekara, na gyara kumatu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina sababbin da aka ƙaddamar bara?"

Ya ce, "Suna hanya."

"Na bana fa?"

"Suna bayan na bara."

Jiya aka yi biki. Ƙyallena na sama yana kaɗawa, Mai Girma ya yanke zare a gaban kwali shida, aka yi tafi. Surukina ne ya kwashe kwalayen bayan taro, duka shida a hannu ɗaya.

Don haka masu zagin Mai Girma ku sassauta, ni dai ya rufa mini asiri. Da ya cika alkawari ko sau ɗaya, da yanzu mutum bakwai na kwana a falona. Na ma roƙi sakatare ya riƙa rufe tsohuwar da zane saboda ƙura, akwai bikin baɗi.