Tayoyin da Suka Fi Ƙarfin Tarakta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa kaina 'yan kallo a lambun En'e, wato hukumar gargajiya, da ke Yelwa ba. Ana saura 'yan watanni a samu 'yancin kai, Baturen gona ya tattara komatsansa ya tafi, ya bar mana wata 'yar tsohuwar tarakta wadda ba ta fi jaki tsayi ba. Ni kuwa sabon akawu ne, ina cikin watanni ukun gwaji, ga farin kaftani, ga alƙalami a aljihu (ko babu abin rubutawa sai na zaro shi, don dai a gani).

Tayoyin gaba na taraktar nan duk sun tsattsage, ga damina ta matso. Sabon shugabanmu Malam Bappa, wanda ya gaji kujerar Baturen, ya rantse ba za a ce aiki ya mutu a hannun ɗan ƙasa ba. Ya ba ni takardar oda guda ɗaya tak, ya ce in je Jos in sayo sababbi. Ya ƙara da cewa daga wannan aike zai san ko zan zauna ko zan koma gidan ubana a Ƙofar Dumi.

Direban taraktar, Baba Iliya, tsohon soja ne daga kudancin Bauchi. Ya ce mini, "Malam akawu, ka duba taraktan nan da kyau kafin ka tafi." Na ce masa ai mu boko muka yi. Gaskiyar magana, kullum ina rubuta sunan taraktar nan a takarda, amma ban taɓa sunkuyawa na kalli ƙafafunta ba.

A kantin Jos aka fito mini da wasu 'yan ƙananan tayoyi masu layi uku a jiki, sumul. Na yi tsaki, na ce wa mai kantin ni ba baƙauye ba ne da zai haɗa ni da taya mai sanƙo. Na nuna wasu manya masu haƙora kamar na kada, na ce su nake so. Ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata na gaba aka aiko ni. Na zaro alƙalami na sa hannu.

Da na dawo, ni da ƙafata na je na kira Malam Bappa, na tara leburori, wai a zo a ga aiki. Baba Iliya ya gangara taya ɗaya ya jingina ta a gaban tarakta. Sai ga taya ta rufe injin ruf, har fitila ba a gani. Wani lebura ya ce, "Kai, wannan sai dai a sa taraktar a cikin tayar!" Aka fashe da dariya. Ni kuwa gumi ya jiƙa kaftanin, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam Bappa bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

Baba Iliya ya ja tayar zuwa baya, ya gwada, ta zauna cas. Ya miƙe ya ƙame irin ta soja. "Ranka ya daɗe, ni ne na ce ya sayo na baya. Shi ne yake jan garma, kuma ya kusa mutuwa. Na gaba zan yi masa faci."

Malam Bappa ya dube shi, ya dube ni, ya ce to madalla, ya juya. Ban taɓa jin daɗin ganin ƙeyar mutum kamar ranar ba. Facin ya kai mu har kaka, ni ma na tsira da aikina.

Da aka watse na je na durƙusa gaban Baba Iliya ina zuba godiya. Ya ce, "Tashi, ɗana. Shekara ashirin ban yi ƙarya ba sai yau. Ranar Lahadi zan je coci in nemi gafara, kai kuma Juma'a ka nemi hankali."

Na nema, an ɗan sammini. Tun daga ranar, ko takalmi aka aike ni saye, sai na sunkuya na ga ƙafar mai shi tukuna.