Shaidar Mantau a Gindin Tsamiya

A dajin Kwarin Maje kowa ya san mazauninsa. Zaki ne Sarki, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi, kuma babban aikinsa shi ne ya yi ruri da safe don a san yana nan. Kura ce Waziri, ita ke fassara wa jama'a ma'anar rurin. Masu ƙaho, wato ɓauna da gwanki da kanki, su ne manyan gari, kuma su ke zama a gaba duk ranar da majalisa ta haɗu a gindin tsohuwar tsamiya. Bayansu sai barewa da gada, sannan sauran talakawa, waɗanda ba a tunawa da su sai ranar da ake son a ce taro ya cika.

Mantau gadu ne, can baya yake zama. Fadawa suna yaba ladabinsa saboda kullum a durƙushe suke ganinsa, ba su taɓa damuwa su san cewa haka gadu ke kiwo ba. Raminsa yana gefen wani fili mai ɗan tudu, inda rana ke faɗuwa bayan giginya uku. Wuri ne mai kyau, kuma kyan nan ne ya jawo masa wahala, domin maharba ma sun gan shi.

Maharban ba irin na dā ba ne masu kwari da baka, waɗanda yunwa ke korowa daji. Waɗannan a mota suke zuwa duk rani daga birane masu nisa, da bindiga mai madubi. Ba mai ƙiba suke nema ba, mai dogon ƙaho suke nema. In sun kashe, sai su jawo gawar zuwa filin ƙofar Mantau, su ɗauki hoto da ita, su yanke kai, su feɗe fata, su bar naman nan a yashe. Rani huɗu Mantau yana laɓe a bakin rami yana kallo. Ya rame. Ko busasshen reshe ya karye sai wutsiyarsa ta miƙe sama, ya zabura da gudu bai san inda ya nufa ba.

"Maigida, ka zauna mana," in ji matarsa Tasalla. "Tun safe kake zagaya ramin nan, har ka yi masa hanya."

"In na zauna gani nake yi," ya ce da ita, ya ci gaba da zagayensa.

A farkon rani na biyar wani gwaggon biri ya shiga sansanin maharba neman abinci, ya fito da wata takarda mai ƙyalli. Da aka duba, sai ga Dantsoho, shugaban ɓauna da aka harbe bara, kwance da kansa a ɗage kamar mai hutawa, ga wani mutum a bayansa yana murmushi. Kafin rana ta take, dajin ya ɗauka. Iyaye mata suka fara maganar ƙaura zuwa Duwatsun Zamo, a ƙetaren gulbi, inda mota ba ta iya hawa. Ba a kiwo, ba a hutu, kowa sai kai da kawowa. Dole Sarki ya kira majalisa, kuma aka aika wa Mantau ya zo ya ba da shaida, tunda a ƙofarsa ake abin.

A hanya ya haɗu da Jatau, wani gwanki da suka tashi tare a bakin tafki ɗaya. Mantau ya ɗaga kai ya dubi ƙahonnin abokinsa, masu lanƙwasa baya kamar lauje biyu.

"Jatau, ka san tun da Dantsoho ya tafi babu mai ƙaho kamar naka?"

"Haka ake faɗi," in ji Jatau. Ya girgiza kai kamar ƙuda ya dame shi, amma Mantau ya ji daɗin da ke cikin muryarsa.

Aka jingina hoton a jikin tsamiya. Sarki ya yi hamma, Waziri ta miƙe.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Jama'ar Kwarin Maje, an tara mu a kan tambaya guda: me ya sa maharbi ke ɗaukar hoto da wanda ya kashe? Masu gaggawa sun ce wulaƙanci ne, har sun ɗaure kaya. To ku dubi marigayi Dantsoho. Kun ga jini? Kun ga ƙura a jikinsa? Wanda ake son a wulaƙanta ba a yi masa wanka. Amma kada a ce fada ta yanke hukunci ba bincike. Malam Mantau, matso ka faɗi abin da ka gani."

Mantau ya ratsa taron. Bai taɓa tsayawa a gaban masu ƙaho ba.

"Ranka ya daɗe, ni ba mai iya magana ba ne, abin da idona ya gani zan faɗa. Sa'ad da suka kawo Dantsoho, harshensa a waje yake, bakinsa duk jini. Suka zuba ruwa suka wanke. Suka tura harshen ciki da sanda. Suka naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashinsa, suka tara ƙasa suka tokare haɓarsa don kan ya tsaya. Inda harsashi ya shiga suka juya shi ɓangaren da ba a gani. Mutumin nan da kuke gani, ba kusa da shi yake ba. Baya ya ja, taku uku ko huɗu, ya tsuguna, don a hoto Dantsoho ya ƙara girma."

Sarki ya buɗe ido ɗaya.

"Kuma ranka ya daɗe, ba shi ya nemo shi ba. Akwai wani tsoho mai bin sawu, shi ya bi Dantsoho kwana biyu, shi ya nuna wa mutumin inda zai harba. Daga nesa ya harba, jingine da mota. Da ya iso hannunsa rawa yake, sai da ya jefi gawar da dutse ya tabbata ba ta motsi kafin ya matso. Tsohon shi ya riƙe kyamarar, shi ya sa ba ku gan shi a ciki ba. Ni a ganina hoton nan ba don mu ake yin sa ba. Mutumin yana da mutanensa a gida waɗanda ba su ga rawar hannunsa ba, su zai kai wa. Yana ƙara wa mamacin girma ne don a ce wanda ya kashe shi ya fi shi. In ƙahon bana ya kai kamu uku, baɗi wani zai zo neman mai kamu huɗu, don ya nuna wa na farkon. Abin ba zai ƙare ba sai mun ƙare."

Waziri ta yi 'yar dariyarta. "Malam Mantau, tsakaninka da Allah, ba ka taɓa ganin ɗayansu ya nuna girmamawa ba?"

Ƙarya ba ta cikin halin Mantau. "Akwai wanda ya cire hula, ranki ya daɗe. Ya shafa wuyan mamacin, har na ga kamar hawaye. Amma da aka ɗaga kyamara shi ma ya yi murmushi."

"Kun ji!" Waziri ta juya ga taro. "Daga bakin shaida. Suna yi mana wanka. Suna ɗaga mana kai. Suna ja da baya don mu fi su girma. Suna cire hula, suna hawaye. Wane daji ne a duniya ake kai hoton 'ya'yansa birane a rataye a bango? A duwatsun can da kuke son gudu, wa zai san an taɓa haihuwarku? Kuma kada mu manta, shaidan namu, tare da ladabinsa, ba a taɓa neman hotonsa ba. Ba mu ce hassada ce ba. Mun dai lura."

Aka yi dariya, masu ƙaho suka fi kowa. Babu wanda ya tambayi inda naman da maharba ke bari yake tafiya, ko da yake kowa ya ga yadda wuyan Waziri ya cika a 'yan shekarun nan.

Majalisa ta zartar da abu uku. Ba za a yi ƙaura ba. Daga yau ba za a ce an kashe wane ba, sai dai a ce an karrama shi. Sannan an naɗa Jatau Sarkin Ƙaho, kuma darajar sarautarsa ta hana shi ɓuya a kurmi kamar talaka, a fili zai riƙa kiwo. Sarki da kansa ya kira sunansa, ya yi ruri, aka watse.

Mantau ya bi Jatau har tafki. "Jatau, don girman Allah ka zo mu haye gulbi. Yau ɗin nan. Ni na ga abin da ake yi, kai ba ka gani ba."

"Na ji duk abin da ka faɗa, kuma ban ce ƙarya kake ba." Jatau ya sa baki a ruwa, ya ɗago bai sha ba. "Shekara tara ina zama a gaban Sarki, bai san sunana ba sai yau. In na gudu gobe, me za a ce da ni?"

"Za a ce kana da rai."

"Kai ba za ka gane ba, Mantau. Ba a taɓa kallonka ba."

Kwana goma sha ɗaya Jatau ya yi yana sarauta. Ran na sha biyu da hantsi aka ji ƙara guda daga gabas, tsuntsaye suka tashi. Da la'asar mota ta tsaya a filin. Mantau ya so ya shige can ƙuryar rami, amma ya tsaya a bakinsa yana kallo. Ya ga an wanke bakin abokinsa, an tura harshen, an tokare haɓar da ta sha ruwa kusa da tasa tun suna ƙanana. Maharbin wani mai tumbi ne. Ya ja baya ya tsuguna, ya ce a sake, rana ta shiga masa ido. Sau shida aka sake. Da suka tafi, tun ƙurar motar ba ta kwanta ba, Mantau ya hango Waziri da danginta suna gangarowa, sun zo ta'aziyya.

Ya juya ya ce da Tasalla, "Tashi."

Ba su yi shela ba. Rami rami, kurmi kurmi, suka bi suna faɗa wa duk mai son ji. Washegari da rana tsaka suka haye gulbi, ruwa iya wuya, tare da gada da barewa da matan gwanki masu jan 'ya'yansu. Fada ta ba da sanarwa cewa wasu 'yan tsiraru marasa kishin daji sun tafi yawo.

Zaman Duwatsun Zamo ba daɗi. Ciyawa gajera ce, ruwa sai an sauka kwazazzabo, ƙasa kuma ta yi taurin da Mantau bai iya haƙa ramin kirki ba. Bai daina zagaye ba. Kullum yakan hau wani falalen dutse ya tsaya yana duban kwarin, ya sauko, ya sake hawa. Rani biyu yana jin ƙarar bindiga daga nesa, tana raguwa, har ta koma sai jefi jefi.

A rani na uku wata ungulu ta sauka a kan falalen, ta gyara fiffike.

"Malam Mantau, an gaishe ka. Ka ji labari? An karrama Sarki."

"Sarki kuma?"

"Shi fa. Ƙaho ya ƙare a kwari, masu mota kuwa ba sa komawa hannu wofi. Shekaranjiya ya fito rurin safe, suka same shi. A ƙofar tsohon raminka aka yi. Har taje masa gashin wuya suka yi, suka buɗe bakin da ɗan itace don haƙora su fito. An ce ba a taɓa karramawa irin wannan ba. Jiya aka naɗa Waziri Sarauniya."

Mantau ya dubi ungulun ya ce, "Ita ba ta tsoro? In sun dawo baɗi, wa ya rage?"

Ungulu ta karkata kai. "Haba Malam. Wa ka taɓa gani ya tsuguna ya ɗauki hoto da kura?" Ta yi gyaran murya. "Ni dai aiko ni aka yi. Sabuwar Sarauniya ta yi afuwa ga duk wanda ya tafi. Ta ce sarautu goma sha huɗu suna nan ba kowa a kai, kuma ta ji labarin 'ya'yan gwankin da kuka hayo da su sun girma, ƙaho ya fito masha Allah."

Mantau ya waiwaya. Samarin gwanki biyar sun bar kiwo sun matso, kunnuwa a tsaye. Babbansu ɗan Jatau ne. Ya tako har gindin falalen, ya dubi ungulu, ya tambaya cikin ladabi ko sarautar mahaifinsa tana cikin goma sha huɗun.