Dambun Nama a Ɗakin Madubi

Ba zan taɓa mantawa da yunwar da na sha a ƙasar Indiya ba, kuma abin haushin, a tsakiyar abinci na sha ta. Har yau in na shiga shagon aski mai madubi gaba da baya, sai in ji maƙogwarona ya bushe.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne, lokacin da rabin mazan Daura suka ɗage wando suka bar gemu, ana auna mutum da sahun da yake samu a masallaci. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Baure, ban daɗe da aure ba. Surukina Alhaji, mahaifin matata Rabi, babban ɗan kasuwar shanu ne, yana loda manyan motoci daga kara zuwa Kudu. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma tun ina neman aure labari ya iso mini cewa ya ce 'yan boko sukan dawo da takarda su baro kunya a makaranta. Maganar ta tsaya mini a rai. Na sha alwashin sai na zama surukin da ba a taɓa yin mai kunya irinsa ba a unguwar. Tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, balle abinci.

Sai yanar ido ta rufe wa Alhaji gani. Babban ɗansa, Yaya Kabiru, ya shirya a yi masa aiki a birnin Delhi, kuma da yake harkoki sun riƙe shi a Kano, aka ce ni mai Turanci in yi rakiya. Yaya Kabiru bai tsaya nan ba. Ya ce tunda idon zai buɗe, a nuna wa tsoho abin kallo, ya biya wani kamfanin yawon buɗe ido su zaga da mu tsofaffin biranen sarakuna, Delhi da Agra da Jaipur, a mota mai sanyi, muna sauka a otal-otal ɗin da asalinsu fadoji ne. Ni da ban san Indiya ba sai a kaset, na yi ta murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Ranar tafiya Rabi ta cusa mini ƙullin dambun nama a ƙasan jaka (yadda ya tsallake masu bincike a filin jirgi, Allah kaɗai ya sani). Ta riƙe hannun jakar ta ce, “Malam, don Allah kada ka ba ni kunya a gaban Baba.”

Na ce, “Ni kuwa?”

Zaman asibiti bai ba ni wahala ba. Idon Alhaji na ɗaure, masu jinya na kansa, ni kuwa in sulale ɗakin cin abinci in cika cikina in dawo ina goge baki. Ranar da aka kwance bandejin ya ƙifta ido, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Ashe haka kake.” Ya ƙara da cewa maɓallin wuyan rigata ya kusa tsinkewa. Na duba, wallahi da zare ɗaya yake lilo. A nan ya kamata in gane cewa an gama sakewa.

A otal ɗin farko wasu dogaye masu jajayen rawuna suka tare mu, suka rataya mana furanni a wuya, suka kai mu wani falo mai fitilu kamar gidan biki. Aka ja mana kujeru. Tebur ɗaya, ɗan ƙarami, kujeru biyu suna kallon juna, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ta Alhaji. Aka fara jera kwanoni, shinkafa mai launi uku, kaza a jar miya, gurasa mai zafi tana naso da man shanu. Alhaji ya sa na tambaya ko yankan Musulmi ne, aka ce mai dafuwar ma Musulmi ne. Ya wanke hannu ya ce, “Bismillah, Malam.”

Na dubi kwanonin. In na ci, maganarsa a kan 'yan boko ta tabbata. In na ce na ƙoshi, gobe fa, da jibi? Kafin in gama tunani bakina ya riga ni.

“Ina azumi, Baba.”

Ya tsaya da loma a hannu. “Yau Talata. Ga ka matafiyi, ko na farilla ne an yi maka rangwame.”

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma sai na ji kaina ina cewa, “Alwashi na yi, Baba. Na ce in Allah ya sa aikin idonku ya yi kyau, zan yi azumi har mu koma gida.”

Har mu koma gida! Ban san daga ina wannan ta fito ba. Alhaji ya ajiye lomar. Sabbin idanun nan da aka kashe wa kuɗi suka ciko da ƙwalla, ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka.” Da yamma ya sa aka haɗa shi da Daura a waya, ina ji yana gaya wa matarsa Hajiya, da ƙarfi yadda tsofaffi ke magana da nesa, “Yaron nan na Rabi, ashe ban san shi ba.” Wanda ya san Hajiya ya san kafin isha'i maganar ta zaga unguwa.

Abin da ban sani ba game da tafiyar masu kuɗi shi ne ba a barin mutum shi kaɗai. An ba mu jagora mai yi mana bayani, ga direba, ga wani hadimi da aikinsa kawai ya tsaya a bayanmu yana jiran mu yi motsi. Masaukinmu ɗaya da Alhaji, don likita ya ce in riƙa ɗiga masa magani a kan lokaci. In na ce zan fita shan iska, hadimin ya biyo ni da lema. In magariba ta yi, Alhaji da kansa yake sa a kawo mini buɗa-baki, faranti kan faranti, sannan ya zauna yana kallona cikin tausayi. In ɗauki dabino ɗaya in juya kai in haɗiye, in ce sai an jima. Idan ya juya baya ya ta da nafila, sai in kai wa farantin hari, amma abincin mutanen nan bai san sirri ba. Wani ƙaras-ƙaras yake yi a baki, wani yaji ne da sai ka yi tari, ga cokula masu ƙara. Loma kaɗan nake samu ya sallame, in koma in naɗe hannu kamar waliyyi. (Kuma ku lura, azumin nan babu niyya a cikinsa. Yunwa ce zalla, ba a rubuta mini ko lada ɗaya.)

A Agra aka kai mu Taj Mahal, farin ginin nan da wani sarki ya yi a kan kabarin matarsa. Mutane na ta ɗaukar hoto, wata mata har da hawaye. Ni da na ɗaga kai na dubi ƙubbar, curin fura kawai na gani a tsakiyar nono. Jagora na zuba tarihi, ina fassara wa Alhaji rabi ina haɗiye rabi. Shi kuwa hankalinsa na kan shanun da ke yawo a titi ba mai kiwo. Ya nuna wata da sanda ya ce, “Wannan ko kyauta aka ba ni ba zan loda ta ba.” Daga nisan da ya hango ƙashin haƙarƙarinta, na ƙara tsorata da idon nan.

Kafin mu isa Jaipur wandona ya fara zamewa. Da safen ranar, Alhaji na wanka, na zaro ƙullin dambun Rabi na jefa a aljihun riga. Ban samu damar buɗewa ba, hadimi ya shigo da tawul.

Fadar da za mu gani a kan dutse take. Ana hawa da giwa, amma Alhaji ya ce shi bai hau abin da ba a sa wa linzami ba, aka kai mu a mota. Duk da haka akwai matakala, ga rana ta take. Muka yi ta ratsa soraye da tsakar gidaje, kunnuwana na ƙara, ƙamshin dambu na tasowa daga aljihuna duk taku ɗaya. Aka haɗa mu da wasu tsofaffin Turawa, aka shigar da mu wani ɗaki mai duhu-duhu da sanyi. Jagora ya ce wannan ne ɗakin da ya fi kowane daraja a fadar, ya ciro kyandir daga aljihu, ya ce kowa ya dubi sama.

Kowa ya ɗaga kai, har Alhaji. Ga wani ginshiƙi mai kauri a gefena. Ban tsaya jin sauran bayanin ba, ni da aka kawo don in ji in fassara. Na ja da baya a hankali, na laɓe, na juya wa jama'a baya, na kwance leda ina addu'ar kada ta yi ƙara. Na cika hannu na tura a baki. Na sake cikawa na tura. Ya Allah, daɗin da na ji! Na lumshe ido.

Da na buɗe, jagora ya kunna kyandir ɗinsa.

Ashe ɗakin madubi ne. Bango, rufi, ginshiƙan kansu, ko'ina an liƙa madubai manya da ƙanana, an gina shi ne musamman don haske ɗaya ya koma dubu. Hasken ya koma dubu, ni ma na koma dubu. Duk inda na duba ga ni nan, kumatu a kumbure, leda a hannu, dambu a gemu. Na dubi rufi, ina can ina kallon kaina a kife. Kuma a madubin da ke daidai fuskata, ta bayan kafaɗata, ga Alhaji tsaye da sandarsa, idonsa cikin nawa.

Wata tsohuwar Baturiya ta fara ƙyalƙyala dariya. Na yi ƙoƙarin haɗiye abin da ke bakina gaba ɗaya, dambu kuwa busasshe ne, maƙogwaron da tun asuba bai ga ruwa ba ya ƙi karɓa. Na shaƙe. Na yi tari ɗaya, dambu ya watsu a kan madubin sarakuna. Numfashi ya ƙi fita, idanuna suka firfito, na durƙushe ina dukan ƙirji. Hadimin nan da ba ya rabuwa da mu ya rugo da gorar ruwa ya buɗe ya miƙo. Na dubi gorar, na dubi Alhaji. Rana tsaka, mai azumin alwashi, a gaban surukinsa. Wallahi sai da na yi shawara da zuciyata ko in haƙura in mutu kawai. Na karɓa na shanye tas, har ina jin ƙarar maƙogwarona tana amsawa a ɗakin.

Na tashi ina kakkaɓe gemu, na tako gaban Alhaji na durƙusa. Ina jiran ya ce dama ya faɗa. Ina jiran ya ce a haɗa shi da Daura a waya.

Alhaji ya sa bayan hannu ya murza idonsa. Ya ce, “Malam, ɗakin nan ƙyalli ya yi masa yawa. Tun da muka shigo ban ga komai ba. Kama hannuna mu fita.”

Na kama hannun mutumin da ya hango haƙarƙarin saniya daga ƙarshen titi, na jagorance shi har mota kamar makaho. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. A hanya ni dai zufa kawai nake yi a cikin sanyin mota. Da muka isa masauki ya ce in gaya wa mutanen otal daga yau a riƙa kai masa abincinsa baranda, yana son kallon lambu shi kaɗai, nawa kuma a ajiye a ciki a rufo ƙofa. Bai ambaci azumi ba, a ranar ko bayanta.

Da muka dawo Daura na tarar sunana ya riga ni. 'Yan sannu da zuwa na gaishe da Alhaji suna juyowa kaina, “Malam, sannu da ibada.” Wani dattijo ya kama hannuna ya ce surukai irina sun yi ƙaranci a wannan zamani. Duk lokacin da aka faɗa sai in saci kallon Alhaji, shi kuwa yana jan carbinsa, ya ce, “Ai sai godiya.” Na fara sakin jiki. Har na fara raya wa kaina cewa wataƙila da gaske ƙyallin ya ɗauke masa ido.

Bayan 'yan kwanaki Rabi ta dawo daga gidansu, tana ninke mayafi ta ce, “Malam, wai Baba ya ce in na sake yi maka dambu in ƙara mai, wancan ya cika bushewa, zai iya shaƙe mutum.” Ta dube ni da mamaki. “Yaushe har kuka saba ka ba shi ya ci?”

Na ce mata doguwar magana ce.

Azumin dai na rama shi daga baya, na gaske, da niyya, ba tare da na gaya wa kowa ba, ko Allah ya dube ni. Har yau ban taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, shi ma bai sake cewa bismillah ba, sai dai in na je gaisuwa aka kawo ruwa, yakan tashi ya ce bari ya duba shanu. Abin da na koya kuwa kaɗan ne. In kunya ta hana ka ci, ka ce kunya ce, kada ka jawo Allah cikin maganar. In kuma aka ce ka raka surukinka aikin ido, ka ci ka ƙoshi tun bandeji na fuskarsa.