Famfon Mai Tsumma

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ƙauyen kakannina sanye da tsumma ba, ni da ake kira ɗan gayun Tambuwal.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta taimakon marasa ƙarfi, ni ne sakatare (ba don ilimi aka zaɓe ni ba, don baki ne; in na fara zuba ko ɗan sanda sai ya manta dalilin da ya tsayar da ni). Wata rana muka ji sanarwa cewa wata gidauniya za ta ba ƙananan ƙungiyoyi tallafi su yi wa al'umma aiki. Nan take muka nema wa wani ƙauye da ke bayan Fakku, a ƙasar Kebbe, famfon burtsatse. Can aka haifi mahaifiyata. Rijiyarsu ta rufta, in bazara ta yi tafki ɗaya suke sha su da shanun Fulani, yara kuwa daga gudawa sai fitsarin jini. Wannan duk gaskiya ne, kuma da na tsaya a nan da ban ba ku wannan labarin ba.

To amma ni ba na iya ganin gaskiya tsirara ban sa mata hula ba. Na rubuta cewa mutanen garin ko suturar kirki ba su da ita. Na ƙara da cewa ni kaina can nake zaune, ruwan nan nake sha safe da yamma. Ni da ko fiya wata sai na ɗaga ta a rana na duba kafin na huda.

Sai ga waya. Wata Hajiya daga gidauniyar ta ce mun tsallake matakin farko, amma garuruwan da suka nema suna da yawa, kaɗan za a ɗauka, don haka za ta zo ta gani da idonta. Shugabanmu Malam Nasiru, wanda ya taɓa yi wa irin waɗannan mutanen direba don haka yake ganin ya san cikinsu, ya ja ni gefe. "Su wahala suke so su gani," in ji shi. "In suka ga mutum da hula mai kyau, wallahi sun wuce gaba."

Washegari na hau babur na tafi wurin Maigari. Bayan gaisuwa na gyara zama na karanto masa tsari: ranar da baƙuwa za ta zo kowa ya sa mafi lalacewar kayansa, kada a yi shara, a ɓoye awaki da babura, yara kada a yi musu wanka.

Maigari ya ce, "Mi kac ce, ɗan nan? Mu tarbi baƙuwa da tsumma?"

"Ranka shi daɗe, na yini ɗaya ne. Dabara ce ta zamani."

Ya dubi dattawan da ke gefensa, babu wanda ya ɗaga kai. Can ya ce, "To, mun ji."

Na taso ina murna har da waƙa a kan babur. (Duk wanda ya tashi gaban manya ya san in dattijo ya ce ya ji ya yi shiru, to ka sake tunani. Ni a lokacin kaina ya yi girman da tunani ba ya samun wurin zama.)

Ranar da aka sa, na ce ai shugaba shi ke fara nuna misali. Na je wurin mai facin taya na unguwarmu na ari rigar aikinsa, wadda baƙin mai ya cinye har ba a san asalin launinta ba, hammata ɗaya a buɗe. Wando na samo wanda ya tsaya a ƙwauri. Silifa ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya ja, an ɗaure da waya. Na shafa toka a ƙafafu da gwiwar hannu. Da na duba madubi ni kaina sai da na ji kamar in ba kaina sadaka. Na bar babur a Fakku na ƙarasa a ƙasa, don kada a gan ni da abin hawa, shi ya sa na makara.

Tun daga bakin gari na fara jin guɗa. Na ƙara matsawa sai ƙamshin miyar nama ya buge ni. Da na leƙa dandalin ƙofar Maigari, jama'a, sai ga abin da ban taɓa zato ba.

An share wurin tas har an yayyafa ruwa, ruwan da ake tafiya mai nisa kafin a samo. An shimfiɗa darduma ja, an jera kujerun roba. Maza sun sha manyan riguna da suka kwana ƙarƙashin katifa don su miƙe, mata sun sha lalle da atamfa, yara an goge su da mai suna ƙyalli kamar sababbin kwanoni. Sallah ƙarama ba ta kai wannan ba. Ga farar mota a gindin bishiyar bedi, ga Hajiya zaune kusa da Maigari, Malam Nasiru a gefe cikin shaddarsa (munafuki, shi bai sa tsumman ba) yana ta share goshi.

Abu biyu suka taso min lokaci guda. Na farko, famfo ya tafi, don wa zai ba mutanen da suka fi shi kwalliya tallafi? Na biyu, ni. Na lallaɓa bayan wani rumbu ina lissafin hanyar komawa Fakku ta cikin gonaki.

Ashe Inna Tumba ta hango ni. Ƙanwar kakata ce, tsohuwa mai ido kamar na shaho, kuma tun ina yaro take kirana mijinta, irin wasan kaka da jika.

"La ilaha! Ga angona!" ta ƙwala, muryar nan har Dogon Daji. "Wa yac cuce ni haka? Kura ta kore ka ko da mahaukata kunka yi musanyar kaya? Fito, fito a gan ka!"

Gari duka ya juyo. Na fito, silifa tana tas-tas, ina tafiya kamar wanda za a yi wa aski da fasasshiyar kwalba.

Hajiya ta sauke tabarau. Ni na zaci wata 'yar Abuja ce da ba ta san gero a gona ba. Sai na ji ta buɗe baki da Hausar gida tsantsa. "Maigari, ina sakataren da muka yi waya da shi? Mai daɗin bakin nan?"

Maigari ya nuna ni da carbinsa, fuskarsa ko alamar dariya babu. "Ga shi nan, Hajiya. Shi ɗai na mai tsumma garin ga, shi ma baƙo na."

"Baƙo?" Ta dube ni. "Ba kai ka rubuta mana cewa nan kake zaune ba?"

Malam Nasiru ya sami wani abu mai ban sha'awa a tafin hannunsa yana ta dubawa. Na ce, "E to, Hajiya, zama kala-kala ne. Zuciyata dai nan take kwana."

"Madalla. Zauna."

Na zauna a bakin darduma ina ƙoƙarin rufe hammata. A zuciyata ina ta addu'a kada ƙaryata ta ci famfon mutane, don in matar nan ta tashi da fushi, yaran nan masu ƙyalli tafkin za su koma, kuma ni na jawo.

Sai aka zo kan abin da ban sa a tsarina ba, ruwan baƙo. A garin nan ba a fara magana da baƙo sai ya sha ruwa. Inna Tumba ta kawo sabuwar ƙwarya, an rufe da faifai mai ado, ta durƙusa ta ajiye gaban Hajiya. Aka buɗe.

Ruwan ya yi kalar kunun da aka tsinka. An tace shi da mayafi, an sa alif, an bar shi ya kwanta tun jiya, iyakar ƙoƙarinsu ke nan. Na ga Maigari ya sunkuyar da kai. Duk dardumar aro da manyan riguna sun rufe abin da za su rufe, wannan kam ya ƙi rufuwa. A hankali ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Wanga shi na mai kyawon."

Hajiya ta dubi ƙwaryar. Sannan ta ɗauka ta miƙo min.

"Sakatare, kai da ka saba safe da yamma, bisimilla. Fara mana."

Jama'a, na karɓa. Na leƙa ciki, na rantse wani abu ya leƙo ni (Malam Nasiru ya ce ɗan tsinke ne; ni dai na ga ido). In na ƙi sha, ƙarya ta tabbata. In na sha, Allah kaɗai ya san sauran. Gari duka ya zuba min ido, har awakin da na ce a ɓoye suna tsaye suna kallo. Na yi bisimilla, na rufe ido, na kafa kai.

Kurɓa ta farko ta wuce. Ta biyu ta tsaya a maƙogwaro tana shawara. Warin laka da fitsarin shanu ya hau min ka. Na yi ƙoƙarin murmushi in ce "Alhamdu lillahi", sai cikina ya ce shi bai sa hannu a wannan takardar ba. Ruwa, da kokon safe, da ƙosan da na ci a Fakku, duk suka dawo tare, a kan jar dardumar da aka aro, tazarar taku ɗaya daga takalmin Hajiya.

Sai Inna Tumba ta tafa hannu. "Shi ke nan, aure ya mutu! Miji da ba ya iya shan ruwan gidana, mi zan yi da shi?"

Dariya ta fashe, amma Hajiya ba ta yi ba. Ni kuwa ina durƙushe, hawaye da majina, na ce, "Hajiya, Tambuwal nake zaune. Rigar ma ta mai faci ce. Ni na yi ƙarya, su ba su yi ba. Don Allah kada ki haɗa su da ni."

Ta miƙe ta ce wa Maigari a kai ta tafkin. Aka tafi cikin rana tsaka, manyan riguna a gaba, ni a can baya ina jan silifa. Ta ga mata suna kore shanu da hannu ɗaya suna ɗiba da ɗayan. Ta yi tambayoyinta, ta ɗauki hotuna, ta dawo ta ci tuwon da aka yi mata don kada ta kunyata masu gida. Da za ta shiga mota ta kira ni gefe. "Ni ma ƙauye aka haife ni," in ji ta. "Na san dardumar aro in na gan ta. Ƙarya ce ba na so, kuma sai na rubuta cewa ka yi ta."

Makonnin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Waya in ta yi ƙara sai na yi wuf na duba ko amsa ce. Mahaifiyata ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Ƙauyen kuwa ko hanyarsa ban kalla ba.

Ranar da amsa ta zo, Malam Nasiru aka kira, ba ni ba. An amince da famfo, da sharaɗi ɗaya: ƙungiya ta sake sakatare. Wallahi ban taɓa murnar korata daga aiki irin ta ranar ba.

Yanzu famfo yana nan yana zuba, ruwa garau. An kafa allo da sunan gidauniya da manyan haruffa, amma babu mai kiransa da shi. Daga Fakku har rugagen Fulani, ka tambayi kowa, Famfon Mai Tsumma ne. In na je, Inna Tumba da kanta take cika ƙwarya ta miƙo min gaban mutane, ta ce a janye tabarma tukuna.

Abin da na koya, mutanen da suka fi ka sanin wahala ba kai za ka koya musu yadda ake nuna ta ba. Kuma in har sai ka yi ƙarya a takarda, to ka tuntuɓi cikinka tukuna, don shi ba ya rufa wa kowa asiri.