Nomau da Harajin Cinikin Gida

A Unguwar Rimi akwai wani mutum wai shi Nomau. Tun da mahaifiyarsa ta rasu, daga shi sai akuyarsa a gidan ƙasan da ta bar masa. Abin da aka faɗa masa, shi yake ji, ba ƙari ba ragi. A lokacin birni ya matso, maƙwabta suna ta sayar da gidajensu suna ƙaura.

Wata rana dillali Barau ya tsaya a ƙofarsa ya ce, "Nomau, gidajen unguwar nan sai tashi suke yi. Naka ma ya kusa." Nomau ya tsorata. Ya kwance akuya, ya ɗaure ginshiƙin zaure a turkenta. Gida bai tashi ba, amma akuya ta wuni a gonar mutane.

Wata rana Malam Ilu, maƙwabcinsa na ƙarshe, yana loda kaya a mota yana mita. "Duk gidan da aka sayar, gwamnati na da kaso a ciki." Nomau ya ji daɗi, ashe zai yi sabuwar maƙwabciya. Da la'asar ya ɗauki kwanon tuwo ya tsaya a zauren Malam Ilu. "Salamu alaikum, Gwamnati!" Shiru. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a dakali ya ci tuwonsa shi kaɗai.

Wata rana ya ji a rediyo wai bara harajin cinikin gidaje ya hau sosai, bana kuwa ya faɗo. Nomau ya ce, "Wayyo, daga sama!" Ya ɗauko maɗori har ofishin haraji. Ma'aikata suka yi ta dariya, maɗori ya yi fushi ya tafi, Nomau ya dawo a ƙasa.

Wata rana Barau ya zo da takarda. "Na samo maka mai saye. Amma don kada haraji ya cinye mu, in mun je ofis ka ce kyauta ka ba ni. Kuɗinka sai daga baya."

Suka je gaban wata jami'a, Hajiya Talatu. Ta ce, "Malam, sayarwa ka yi ko kyauta?"

Nomau ya ce, "Ranki ya daɗe, ya ce in ce kyauta na ba shi, don kada haraji ya cinye mu. Kuɗina sai daga baya."

Kafin ta ɗago kai, Barau ya sulale. Ta karanta takardar ta ce, "Da ka dangwala yatsa a nan, ba gida ba kuɗi. Haka aka yi wa mutane da yawa, shi ya sa ma harajin ya ragu. Wa ya koya maka wannan wayo na tona masa asiri?"

Nomau ya ce, "Ba kowa, Hajiya. Duk sun ƙaura."