Ranar da Na Tsallake Abu Ishirin

Shekarar da rediyo ta cika ƙauyenmu na wajen Managil, na fito za ni suna cikin farar jallabiyata, ita ke nan gare ni. Sai na ga ɗiyan ƙanwata suna zagayawa har gada don su ƙetare abu ishirin, 'yar magudanar da ke shayar da gonakin auduga. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Makaranta ta kashe ku. Mu da muna kamarku, da ƙunshin auduga bisa kai muke tsallake wanga ruwa."

Babban ya ce, "To Kawu, gwada muna."

Na tattare jallabiya, na ja da baya, har da cewa su matsa kada iskata ta kayar da su. Na manta lokacin can ba ni da tumbi.

Tsakiya na sauka. Laka ta riƙe ni har ƙugu, ta haɗiye takalmina guda. Mata masu ɗibar ruwa suka sauke tuluna don su yi dariya da kyau. Naman suna kuwa labarinsa na ji.

Har yau, da an saki ruwa, sai shegun yaran su leƙo: "Kawu, a kawo audugar?"