Ranar da Na Kai wa Macijiya Ta'aziyya

A duk gininmu na unguwar Sharafiyya, nan ƙasa mai tsarki, ba a taɓa riga ni zuwa gidan makoki ba, kuma da wannan nake taƙama. Rannan ina shanya a saman bene sai na ji maƙwabciyata Maman Faisal tana ce wa ƙanwarta, "Miskina! Ba'indiya ce, an kashe mata miji, ga shi ba ta da kowa."

Ban tsaya tambaya ba, kada wata ta riga ni lada. Na dafa shinkafa tukunya guda, na zura abaya, na ƙwanƙwasa wa Maman Faisal ƙofa idona jawur.

"Yalla, raka ni gidan matar nan. Ta shiga takaba?"

Ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta ja ni falo. Ga baiwar Allah a talabijin, sama mace da gwala-gwalai, ƙasa jelar maciji, tana neman fansa.

Don kare mutuncina na ce, "To ai ko macijiya ce, rashin miji babu daɗi."

Halas, shi ke nan, ita da ƙanwarta dariya har da faɗuwa. Shinkafar kuwa suka cinye tas.

Har yau in fim ɗin ya fara sai yara su leƙo: "Khala, taho, mai takabarki ta fito!"